Angon da Ya Ajiye Sunansa

"Ba zan ba ɗan Nishikawa 'yata ba," in ji Genzo. "Je ka faɗa musu."

"Bangon katako ne tsakaninku," na ce masa. "Ai sun riga sun ji."

Genzo Kuramoto mijin marigayiya yayata ne. Tun da gwamnati ta kwashe mu daga gonakinmu na Kalifoniya saboda yaƙi da Japan, ta zube mu cikin sansani mai shingen waya a tsakiyar hamada, ɓarin jikinsa ya shanye. 'Yarsa tilo, Tsuyako, ita ke masa aski, ita ke bin layi ta karɓo masa shinkafa, ita ke juya shi a gado. Ni aikina hura wutar gidan wanka.

Tsuyako ta leƙo daga bayan bargon da muka raba ɗakin da shi, idanunta jajir.

"Baba... me Isamu ya yi maka?"

"Bai yi min komai ba. In ya ɗauke ki, wa zai riƙe sunan Kuramoto? Wa zai kunna wa uwarki turare bayan na mutu?"

Kafin ta amsa aka ƙwanƙwasa. Isamu ne, hularsa a hannu. Ya durƙusa har goshinsa ya taɓa daɓen.

"Baba, ni ne na uku a gidanmu. Sunan Nishikawa yana da masu ɗauka. In ka yarda, ni zan shigo gidanka in zama Kuramoto."

Al'adarmu ce tun daga ƙauyukan Japan. Gidan da ba ɗa namiji, ango ke tarewa, ya ajiye sunan ubansa ya ɗauki na surukinsa. Amma maza ba sa so, don dariya ake musu.

"Kai yaro, ka san za a ce auro ka aka yi?" na tambaye shi.

"Na sani, Kawu."

"Za su ce ka ɗaura zani."

"Su faɗa. In dai Tsuya ce za ta ɗaura min."

Genzo ya juya fuska bango don kada mu ga bakinsa na motsi. Yardarsa ke nan.

Ana cikin haka hukumar sansani ta tantance mutane. Wanda ya yi rantsuwar biyayya ga Amurka za a kwashe shi zuwa wani sansani mai nisa, wanda ya ƙi a bar shi nan. Genzo ya ƙi, ni ma na ƙi. Ƙasar da ta hana mu zama 'yan ƙasa, in mun yar da Japan, mu na wa ne? Gidan Nishikawa kuwa sun rantse, don babban ɗansu yana soja.

Hukuma ba ta san mutum ba, lambar iyali ta sani. Inda lambarku ta nufa, nan za ka. Sai muka ce abin ai mai sauƙi ne: a gaggauta aure, Isamu ya zama Kuramoto, ya shigo lambarmu ya zauna.

Aka yi biki a zauren cin abinci. Mata suka naɗa furanni da takardar kunshin lemo. Ango da amarya suka kurɓi ƙananan kofuna uku. Uwar Isamu ta miƙa shi da kuka, kamar mai kai 'ya ɗakin miji. Genzo, da aka ɗauko a kujera, ya ce, "Ɗana." Sau ɗaya ya faɗa, kowa ya ji.

Washegari na raka su ofis a shigar da auren. Baturiyar da ke wurin ta yi rubutu, ta yi murmushi, ta miƙa wa Tsuyako sabuwar alamar rataya wa kaya mai lambar iyalin Nishikawa.

"Ina taya ki murna, matar Nishikawa. Ki shirya, kina cikin masu tafiya."

Na ga jinin fuskar yarinyar ya ɗauke.

"A'a, ranki ya daɗe. Shi ne ya shigo gidanmu. Sunansa Kuramoto yanzu."

"Mace ke bin lambar miji."

"A wurinmu..."

"Na ji, amma ba ni da gurbin da zan rubuta haka."

Isamu ya ce to shi ya janye rantsuwarsa. Ta ce an rufe tantancewa. Na ce to a haɗa da tsohon. Ta ce wanda ya ƙi rantsuwa ba ya fita. Ba mugunta ce ta yi ba, har ruwa ta ba Tsuyako. Hanya ɗaya ta rage, in ji ta: a soke auren, yarinya ta koma lambar ubanta, Isamu ya tafi shi kaɗai.

A bayan gidan wanka suka tsaya. Ina zuba gawayi ina jin su.

"Isamu... ba zan iya barin Baba ba. Ko cokali ba ya riƙewa."

"Na sani, farin cikina."

"Kai ma ba zan iya barinka ba. Ka ce wani abu mana!"

"Me zan ce? Na shigo gidanku ne in tallafe shi, ba in kwashe shi ba. Ki soke. Zan jira."

"Har yaushe? Wa ya san ranar da za a buɗe wayar nan?"

Ya jawo ta jikinsa. Ta kifa kai a ƙirjinsa, kafaɗunta na rawa.

Ta shiga ɗaki ta durƙusa gaban gadon ubanta.

"Baba, gobe zan je a soke."

"Ki soke me? Ɗan nawa?"

"Wa zai kula da kai?"

"Ga kawunki nan, ƙaton banza, me yake yi?"

"Ni ban iya aski ba," na ce.

"Sai ka yanke ni har ka koya." Ya dubi 'yarsa. "Tsuyako, shekara da shekaru ina roƙon ɗa. Na samu jiya, yau ki ce in mayar? Ni nan zan ƙare, na sani. Ba na son ku ƙare tare da ni."

"Baba, don Allah..."

"Ban taɓa roƙonki komai ba. Umarni nake ba ki, yau ma shi ne. Bi mijinki."

Ta rungume ƙafarsa wadda ba ta ji, tana kuka. Ya ɗora mata hannun mai lafiya a ka, idonsa na kan rufi.

Ranar tafiya na goya shi har bakin waya. Sojoji na kiran lamba, mutane na hawa manyan motoci da ƙunshinsu. Tsuyako ta hau tana waige, Isamu na riƙe da ita. Motar ta fara motsi.

Genzo ya ɗago kai daga kafaɗata, ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage masa.

"Kuramoto!"

Su biyun suka juyo tare. Isamu ya miƙe a cikin motar tana tafiya, ya sunkuya, bai ɗago ba har suka wuce hasumiyar masu gadi.

Na ji wuyan rigata ya jiƙe.

"Ka ga ya amsa?" in ji shi.

"Na gani."

"To mai da ni ɗaki."

Bai kai ƙarshen sanyin shekarar ba. Tsuyako da Isamu sun nemi izinin zuwa jana'iza. Lokacin da izinin ya fito, an riga an ƙone gawarsa bisa al'adarmu, tokarsa ta daɗe da hucewa.