Kwanon Da Bai Isa Kance Ba

Ranar da Najaha ta fara shiga butik ɗin Hashimu, ranta a ɓace yake, hannunta duk baƙin tukunya. Ko sallama ba ta ƙarasa ba ta ce a auna mata fulawa, a haɗa mata da ƙwai da bota.

Hashimu, wani dogon saurayi ɗan Kance da ya buɗe butik a bakin kasuwar Matameye, ya ɗago ya dubi hannun. Ya dubi fuskar. A kan fuskar ya ɗan daɗe.

"Malama, gidan burodi za a buɗe?"

"Gato nake yi."

"Masha Allah. Ya yi kyau?"

"Da ya yi kyau ka gan ni a nan?"

Ya yi dariya har ya manta da abin da yake aunawa. Ita ko murmushi ba ta yi ba, amma da ta kai bakin ƙofa sai da ta waiwayo.

Najaha dai tun da ta gama lekol, wato makarantar boko, babu abin da ya shiga ranta irin gwada sabon girki. Duk bidiyon da matan Yamai da na Kano suka sa a waya sai ta kalla, sai kuma ta gwada. Gidan mahaifinta Malam Ummaru babu fur, wato tandun gashi, don haka yashi take zubawa a tukunya, ta jera gwangwanayen madara cike da kwaɓi, ta ɗora garwashi a kan murfi. A bidiyo gato, wato kek, yana fitowa a kumbure yana sheƙi. Nata kuwa, wayyo, ƙasa baƙi ƙirin, tsakiya ɗanye sharaf.

"Ni dai Najaha, tuwon da muka girma da shi me ya yi miki?" in ji mahaifiyarta, Inna Mariyama. Malam Ummaru shi kuwa ya gutsura, ya tauna, ya tauna, sannan ya ce a dama masa fura.

Mutum ɗaya ne ya yaba. Ranar da ta kai wa Hashimu ɗanɗane a cikin leda, ya cinye tas, ya lumshe ido ya ce ya yi daɗi. Kafin ta isa gida saƙo ya shigo:

"Naja, tun da kika fita butik ɗin nan ke ƙamshin gatonki. Na rasa ko kwaɓin ne mai zaƙi ko hannun da ya kwaɓa."

Ta karanta ya fi a ƙirga kafin ta ba shi amsa:

"Mai butik, bakinka ya fi gaton zaƙi. Gobe akwai na kwakwa."

Shi ke nan fa, abu ya kankama. Ya fara zuwa zance da izinin Malam Ummaru, yana kiranta Gimbiyar Murhu. Aka tsayar da magana cewa bayan Sallah manyansa za su zo daga Kance neman aure.

Da azumi ya kama, Hashimu ya kawo sukari gidansu kamar yadda ake yi wa surukai. Najaha ita ma ta ɗaura ɗamarar nata: kwanon shan ruwa na mahaifiyarsa, Hajiya Shekara. Kance ba nan kusa ba ce da za a aiki wani da ƙafa, shi kuma kullum da la'asar yana komawa gida a kan moto, wato babur. Sai ya ce ta riƙa ba shi, shi zai kai.

Kai, yarinyar nan ta sha wuya! Tun azahar tana tsugune gaban murhu, ga zafi, ga ƙishirwa, ga shi mai azumi ba ya ɗanɗana abin da yake dafawa. Yau gato mai dabino, gobe mai mazarƙwaila, jibi wani abu da madara da ita kanta ba ta iya faɗin sunansa ba. Sukarin da Hashimu ya kawo, rabinsa a kwanon Hajiya ya koma.

Kullum da safe kwano yana dawowa a wanke, da saƙo a bayansa:

"Gimbiyata, an cinye tas. Allah ya yi miki albarka."

Sai ta ɗaga kwanon ta nuna wa Inna. "Kin gani? Ku ne dai bakinku ya saba da tuwo. Hajiya da ta je Makka ta san daɗi."

Ana gab da Sallah ta je injin niƙa, ta tarar da Sadiyya a layi. Sadiyya 'yar ƙanwar Hajiya Shekara ce da ke zaune a Matameye, kuma duk unguwa an san ta daɗe da sa ido a kan Hashimu. Ta dubi Najaha sama da ƙasa.

"A'a, amaryarmu! Ashe kina nan. Jiya na dawo daga Kance, na kai wa Hajiya dambu. Sai cewa take, wai yarinyar da Hashimu ke nema duk azumin nan ko ruwan kunu ba ta aiko mata ba. Ta ce yarinyar da ba ta san surukai ba tun a waje, ba da ita za a je neman aurenta ba."

Najaha ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ko niƙan ba ta tsaya karɓa ba.

Ta same shi yana jera gwangwanayen tumatir. Sai a ranar ta dube shi da kyau. Kowa a garin nan azumi ya rame shi, Hashimu kuwa kumatu sun ciko.

"Hashimu, ina kwanukana suke zuwa?"

Gwangwani ya suɓuce daga hannunsa.

"Naja, zauna mu yi magana."

"Ba zan zauna ba. Wa yake cinyewa?"

Ya sunkuyar da kai. "Ni ne. A hanya nake tsayawa in sha ruwa da shi."

Da ƙyar ya fito da sauran. Hajiya tana da ciwon sukari, likita ya hana ta duk wani abu mai zaƙi. Ta kuma gargaɗi 'ya'yanta kada wanda ya faɗa wa kowa, ba ta son a riƙa yi mata kallon majinyaciya. Ga ta da son zaƙi kamar ƙaramar yarinya, in ta ga gato ba mai raba ta da shi. In ya kai, ya cuci uwarsa. In ya faɗa wa Najaha, ya saɓa mata. Sai ya zaɓi ya cinye.

"Ka cinye, ka bar ta tana min kallon marar tarbiyya! Ni ina can ina ƙonewa gaban wuta, kai kana gindin bishiya kana tara kumatu!" Ta matso gabansa. "To faɗa min gaskiya ɗaya tak. Yana da daɗi?"

Ya duƙa ya ɗauki gwangwanin da ya faɗi.

"Ka ce wallahi."

"Naja... na dabinon nan, da na rage na ba akuya. Ta sunsuna ta wuce."

Wannan ita ta fi yi mata ciwo. Ba don gaton ba, don ta ɗauka akwai mutum ɗaya a duniya da take jin gaskiya a bakinsa. Ta ɗauki kwanonta daga kan kantar butik ɗin ta fita, hawaye na zuba, ko mayafi ba ta gyara ba.

Saƙonni suka yi ta shigowa.

"Gimbiyata, na yi kuskure. Tsoron ɓacin ranki ne ya sa."

"Naja, na roƙi Hajiya, ta ce in daina yi mata maganar. Sadiyya take so in aura. Ni ke nake so, ko da ƙonannen gato zan ci har in mutu."

Ta ba shi amsa sau ɗaya:

"Ba na son mai cin ƙonanne ya yi shiru. Ka bar ni."

Aka yi Sallah, manyan Hashimu ba su zo ba. Malam Ummaru bai ce komai ba, amma ya daina zama a ƙofar gida da yamma, don kada a tambaye shi. Wannan shirun nasa ya fi faɗa damun Najaha.

Fushi take yi da Hashimu, fushi mai tsanani, amma ta kasa cire shi daga ranta. Wani abu da ya faɗa a butik kuma ya tsaya mata: wai tun da aka gano ciwon, Hajiya kullum dafaffen wake da zogale, har ta kai in an ajiye mata kwano sai ta juya masa baya. Najaha ta san wannan baƙin cikin. Ita ma gajiya da abu ɗaya ce ta kai ta gaban murhu.

Ta koma kan tukunyarta ta yashi, amma ba fulawa, ba sukari. Ta surfa wake ta kai niƙa, ta fasa ƙwai, ta yanka albasa da tattasai, ta zuba zogale. Na farko ya fito kamar dutse. Na biyu ya ƙi kama jikinsa, ya zube. Ta yi jifa da ludayi ta zauna ta yi kuka mai isarta, sannan ta tashi ta sake hura wuta. Yanzu ba azumi, tana ɗanɗanawa da bakinta, ba ta jiran wani ya yi mata ƙarya.

Ranar da Malam Ummaru ya ci ya miƙo hannu a ƙara masa, bai nemi fura ba, ta ce wa Inna za ta Kance.

"Ke! Budurwa ta kai kanta gidan surukai? Ina kika taɓa ji?"

"To ki raka ni, Inna. Mu ce barka da Sallah muka je."

Inna ta yi faɗa, ta yi faɗa, sannan ta ɗauko mayafinta.

Hajiya Shekara ta karɓe su da fuska a ɗaure. Mace ce gajera mai kaifin ido. Aka gaisa sama-sama, Najaha ta durƙusa ta ajiye kwano a gabanta ta buɗe. Da Hajiya ta ga abu a jere jajir kamar gato, sai idonta ya yi haske. Ta waiga ko akwai ɗanta a kusa, ta ɗauki ɗaya da sauri ta kai baki.

Ta tsaya da tauna. Babu zaƙi ko kaɗan. Ta dubi Najaha ta daɗe.

"Ɗan banzan yaron nan ya faɗa miki."

"Sai da na matsa masa, Hajiya. Ban faɗa wa kowa ba sai Inna."

Hajiya ta ci gaba da tauna. Ta ɗauki na biyu. Inna Mariyama ta ga ƙofa ta buɗe, sai ta zayyana mata labarin kwanon azumi kaf, tun daga na dabino har akuyar da ta ƙi ci.

"La'ilaha illallahu! Shi ya sa yaron nan yake dawowa ya ce min ya ƙoshi! Ni ina ta zagin 'yar mutane." Ta juya gaton a hannunta ta duba ƙasansa. "Amma ke ma, 'yata, wutarki ta yi yawa a ƙasa. Nan ya ƙone. Gishiri kuma bai ji ba."

Najaha ta ji wani sanyi ya ratsa ta. Ta rufe fuska da mayafi tana dariya, hawaye na bin dariyar.

"Au, kuka kike don na faɗi gaskiya?"

"A'a, Hajiya. Ita nake nema tun tuni."

"To a gidan nan sai kin gaji da ita. Gobe ki sa ridi a kai mu gani." Ta jawo kwanon kusa da ita ta rufe. "Wannan kuma ba mai ɗaukar min shi a kan moto."

Ba su kai Matameye ba saƙo ya shigo:

"Naja, Hajiya ta kira ni ta wanke ni tas, har yanzu kunnena na zafi. Ta ce kawunnaina su shirya. Kin yafe min?"

Sai da ta bar shi ya jira har suka sauka daga mota.

"Da sharaɗi. In ya ƙone ka ce ya ƙone."

Aka ɗaura aure bayan babbar Sallah. Sadiyya ta zo biki ta ci alkaki ta ƙoshi, ta ce dama ita ba ta taɓa son dogon mutum ba. A cikin kayan gara, tsakanin alkaki da nakiya, akwai wani ƙaramin kwano da Najaha ta hana kowa taɓawa, aka miƙa wa Hajiya hannu da hannu. Hajiya ta dafa kan amarya ta ce Allah ya zaunar da su lafiya, ya ba su zuri'a mai albarka, ya sa kada wutar murhunsu ta mutu. Mata suka amsa da amin, aka rangaɗa guɗa.

Ranar da amarya ta fara girki, ta ajiye wa Hashimu wani sabon abu na dankali da ƙwai da ta gani a waya. Ta zauna a gabansa ta zuba masa ido. Ya gutsura. Ya tauna. Zufa ta karyo masa.

"Yaya?"

Ya buɗe baki, ta ga "ya yi daɗi" ta taho har kan leɓensa. Ya haɗiye ta.

"Gimbiyata... wallahi ya ƙone."

Najaha ta ɗauki ludayi kamar za ta kwaɗa masa, sai ta ajiye. Ta jawo kwanon tsakaninsu, ta sa hannu.

"Na sani," ta ce. "Matso mu cinye tare."