Ranar Da Kifayen Zinatu Suka Mutu

Ranar da Zinatu ta fara ganin Inusah, ƙafafunsa ta fara gani. Yana kwance a ƙarƙashin tanki na tara da sifana a hannu, ta yi tuntuɓe da shi ta ce, "Wayyo Allah!"

Daga ƙasa aka ce, "Sannu, Hajiya. Ka ji ciwo?"

Ta sunkuya cike da mamaki. "Bahaushe a nan? Kuma ni ce ka?"

Ya fito yana dariya. "Hausar zangon Kumasi ke nan. Mu mace da namiji duk ka ne. Sai a koya mini."

Shekarar 1991 ce. Watan Zinatu biyu da zama shugabar binciken kifayen tafki da na kogi a wani gidan nuna kifi da ke kudancin London. Abin da ta fi ji da shi wasu ƙananan kifaye ne masu jan ciki daga Tafkin Victoria, waɗanda masunta suka daina gani a can. Arba'in da biyu ne a hannunta. Shi kuwa Inusah shi ke kula da famfo da matatar ruwa.

Ba su cika haɗuwa ba, don haka 'yar takarda yake liƙa mata a jikin gilashi. Wata safiya ta karanta:

"Dakta, na gyara famfo. Ƙaramar nan ta kusurwa ta ɗauki ƙwanta a baki, ta daina cin abinci. Ni ma akwai magana a bakina, na kasa saki."

Ta rubuta a baya: "Injiniyana, ita mako uku take yi ta saki. Kada ka wuce haka."

Bai wuce ba. Ranar Asabar ya kai ta gidan gwaggonsa Amamata a Deptford, suka ci shinkafa da wake da yaji, ya faɗi abin da ke ransa kansa a sunkuye.

Mahaifinta Dakta Almu, likita ne mai zama a Plumstead, ya saurare ta har ta gama.

"Ɗan wane ne a gida?"

"Baba, kakansa bafataken goro ne daga Kano."

"Wato ba wanda ya san shi. Na kai ki har digiri na uku don ki kawo mini ɗan zango mai gyaran famfo? Ga Maharazu ɗan aminina, lauya, shekara biyu yana jira."

Ta yi kuka, amma ba ta bar Inusah ba. Ba mahaifinta ne ya raba su ba. Ita ce.

Wata Litinin a Fabrairun 1993 ta shiga ɗakin bincike ta tarar da kifayen suna yawo a saman ruwa, ciki sama. Biyar kawai suka rayu, duk mata. Ranar Juma'ar da ta gabata Inusah ya canza matatar tankin, kuma daraktan gidan yana son sunan mai laifi kafin azahar. Aka ajiye mata rahoto mai ɗora wa Inusah laifi, ta sa hannu. Aka kore shi.

Ya same ta a bakin ƙofa da jakar kayan aikinsa.

"Zinatu, ke ma kin yarda ni ne?"

"Shekara biyu na raine su, Inusah. Shekara biyu!"

"Ba abin da na tambaye ki ba ke nan."

Ta juya masa baya. Ya tafi.

Bayan mako shida sakamakon gwaji ya fito. Ruwa lafiyarsa lau. Cuta ce ta kashe su, kuma wasu mazan kifi uku da aka aiko daga Jamus ne suka shigo da ita. Ƙa'ida ita ce a ware baƙin kifi mako shida. Zinatu, don ɗokin ta ga sun hayayyafa, mako biyu ta ware su.

Darakta ya ce an rufe fayil, a bar shi a rufe. Maharazu ma da ta nemi shawararsa cewa ya yi, "Kada ki rubuta komai. Irinsu ba sa rasa aiki, gobe zai samu wani."

Ta dube shi ta ce, "Na gode. Kada ka sake zuwa don ni."

Ta rubuta gaskiya da hannunta. Aka sauke ta daga shugabanci, aka ba wanda ita ta koya wa aiki.

A kasuwar Deptford ta same shi, a shagon kifin ƙanƙara, yana kankare ɓawon karfasa. Sanyi ya farfasa masa yatsu.

"Ni ce na kashe su," ta ce. "Na faɗa musu. Ka yafe mini."

Bai ajiye wuƙar ba. "Kora ba ta dame ni ba. An kore ni a wurare tun ina Kumasi. Amma kowa ya tambaye ni me ya faru, har ɗan sharar wurin. Ke kaɗai ce ba ki tambaya ba."

"Na sani."

"To je ki gida, Dakta. Akwai masu jiran kifi."

Wata huɗu ba ta ji daga gare shi ba. A cikin watannin nan biyu daga kifayen da suka rage suka mutu, ba ta sami wanda za ta faɗa wa ba. Sai ga wasiƙa ta gidan waya:

"Zinatuna, na gwada ƙin ki, abin ya fi ƙarfina. Ban manta ba, kuma ba zan ce miki na manta ba. Amma in har kina nan, gwaggo za ta nemi manya su je Plumstead."

Sau uku manyan zango suna zuwa. A na uku Dakta Almu ya ce, "Na ba ku, tunda ta zubar da aikinta saboda shi. Ƙanina zai yi walicci. Ni ina da marasa lafiya ranar."

Aka ɗaura auren a wani ƙaramin masallaci a watan Afrilun 1994, mutane ba su kai ashirin ba. Inusah bai koma gidan kifin ba ko da suka aiko masa da takardar ban haƙuri. Zinatu ta yi ta kallon ƙofa har aka shafa fatiha, mahaifinta bai shigo ba.

Mahaifiyarta ce ta kama hannunta ta sa a cikin na Inusah.

"Ɗana, ga ta nan. Ta ɓata maka, ta kuma biya da abin da ta fi so. Kada ka tuna mata da laifin nan duk ranar da kuka yi faɗa."

"Zan yi ƙoƙari, Mama."

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya sanyaya zuciyar babanta yana da rai."

Amamata ta rangaɗa guɗa ita kaɗai. Zinatu ta ce amin, ta ƙara damƙe yatsun mijinta.