Fetur Zalla a Tankin Alhaji Mahfuz

Da hantsin ranar Lahadi aka bugo wa Sufeto Mansir waya cewa masunta sun tsamo gawar Alhaji Mahfuz daga dam ɗin Gubi. Kafin ya isa, 'yan'uwa sun ɗauke ta sun nufi gida a yi mata sutura. Jirgin ruwan mamacin kawai ya tarar, an jawo shi bakin ruwa, cikinsa duk taɓo.

Kowa a Fadaman Mada ya san jirgin nan. Alhaji Mahfuz tsohon ma'aikaci ne da ya ajiye aiki, zaman gida ya ishe shi, ya sayo ƙaramin jirgi mai inji a baya. Duk Asabar sai ya ɗauki jan tankinsa na mai ya sa a but ɗin motarsa, ya tafi dam shi kaɗai. Ba kifi yake kamawa ba. Yawo kawai yake yi a kan ruwa, ya kashe inji a tsakiya, ya sha shayinsa, ya dawo.

Wani dattijon masunci, Hammajoda, wanda ke kula masa da jirgin, yana tsugune a gefe. Sufeto ya yi masa sallama ya tsuguna kusa da shi.

"Baba, kai ka gan shi jiya?"

"Na gan shi, Yallaɓai. Na ce masa hadari ya haɗu, ya ce zagaye ɗaya zai yi. Na miƙa masa filafili, ya ce mai inji ba ya yawo da itace."

"Rigar ruwa fa?"

"Zafi take sa shi, in ji shi."

"Sai me ya faru?"

"Injin ya tashi lafiya. Ya yi nisa, har ya zama kamar ƙwarya a kan ruwa. Sai na ji ƙarar ta canja, ta yi kaushi, ta ɗauke. Na hango shi tsaye yana jan igiya. Iska ta taso. Na tura kwalekwalena, iska ta maido ni. Na sake turawa, ta sake maido ni. Da ruwan sama ya sauko, ban ƙara ganin komai ba."

Sufeto Mansir ya miƙe ya kama igiyar tayar da injin ya ja. Ko motsi ba ta yi ba. Ya sa hannu biyu, banza.

"Ya cije," in ji Hammajoda.

Jan tankin yana nan maƙale da tiyonsa, murfinsa a rufe gam. Sufeto ya buɗe ya tsiyaya kaɗan a tafin hannu. Dattijon ya leƙa, ya girgiza kai.

"Wannan ba man Alhaji ba ne. Nasa mai duhu ne, don ana gauraya shi da baƙin mai. Irin injin nan haka yake sha. Wannan fari ne tas."

"Wa ke haɗa masa man?"

"Ebuka, bakaniken unguwarsu."

Ashe ba Sufeto kaɗai ya ji wannan suna ba. Kafin ya dawo gari, Usama, babban ɗan mamacin, ya taso daga maƙabarta da samarin unguwa sun yi wa shagon Ebuka ƙawanya. Sun fasa gilashi, sun watsar da janaretocin mutane da ke jiran gyara. Da ƙyar 'yan sanda suka fizgo bakaniken da jini a goshi suka jefa shi bayan kanta.

DPO ya kira Sufeto ofishinsa. Bai ce masa ya zauna ba.

"Mansir, ka rubuta sakaci da ya jawo asarar rai. Gobe a kai shi kotu, unguwa ta lafa."

"Ranka ya daɗe, ban gama bincike ba."

"In aka cinna wa shagunan layin nan wuta, kai za ka kashe? Zuwa gobe da la'asar. In ba ka kawo mini wani ba, shi ne."

Sufeto ya sara ya fita. Ya san yadda irin wannan ke ƙarewa. In mutum ya shiga gidan yari da sunan jiran shari'a, 'ya'yansa kan yi girma ba ya nan.

Ya sa aka fito da Ebuka. Mutum ne gajere mai faɗin ƙirji, a Bauchi aka haife shi.

"Yaushe rabonka da injin Alhaji?"

"Ya daɗe, Oga. Tun kafin azumi ban taɓa shi ba."

"Maƙwabcinka mai faci ya ga jan tankin a shagonka ran Alhamis."

Ebuka ya sunkuyar da kai.

"Ƙarya ba za ta fitar da kai ba," in ji Sufeto. "Ita za ta kai ka kotu."

"Tsoro ne, Oga. Wallahi tsoro ne. Ya kawo, na haɗa. Da hannuna na zuba baƙin mai, na girgiza, na kai har gida na ajiye a sito. Alhaji kamar babana ne. Shi ya yi wa yarona suna na Hausa."

"To fetur zalla na samu a ciki."

"Ba ni ba ne! Kullum ina faɗa a gidan, kowa yana ji: kada a sa masa fetur zalla, injin zai mutu."

"Da fetur zalla zai tashi?"

"Zai tashi, Oga. Shi ne mugun abin. Zai tashi, ya yi gudu kamar lafiya. Sai ciki ya bushe, ya yi zafi, ya cije. A lokacin mutum ya riga ya yi nisa."

"Wa ke riƙe makullin siton?"

"Ban sani ba. Oga, matata tana waje tun ɗazu. A gaya mata ta tafi gida."

Sufeto ya leƙa ta taga. Tana zaune a bakin kwalbati da goyo, da kular abinci a cinya. Ya aika a gaya mata. Ba ta tashi ba.

Washegari ya tafi gidan makoki tare da Kofur Habibatu. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza suna zaune ana karɓar gaisuwa. Ya yi addu'a, aka shafa. An ɗauke wuta, don haka aka tayar da babban janaretan gidan saboda fankoki. Sai ga hayaƙi mai kauri, shuɗi-shuɗi, yana tuɗaɗowa daga lungu. Dattawa suka fara tari, wasu suka ja tabarma gefe.

Sufeto ya bi hayaƙin. Janaretan sabo ne fil. Ya kashe shi, ya buɗe murfin tankinsa, ya tsoma ɗan kara ya fito da shi. Man mai duhu ne.

Ya daɗe yana kallon karan. Wani ya juye man jirgi a janareta, ya cika jan tankin da fetur ɗin janareta. Kuma ba daga waje ya zo ba.

Ya sa aka kira masa Usama cikin zaure. Saurayin ya shigo idanu jajur.

"Yallaɓai, an kai wancan mutumin kotu?"

"Tukuna. Wa ke zuba wa janaretan nan mai?"

"Duk wanda ya ga dama."

"Makullin sito fa?"

"Yana wurin Umma." Sai ya tsaya. Ya dubi karan da ke hannun Sufeto, ya dubi hayaƙin da bai gama washewa ba. Sufeto ya ga lokacin da abin ya faɗo masa, domin sai da ya dafa bango.

"Ni ne," in ji Usama. "Ni na juye. Kuskure na yi."

"Yaushe?"

"Ran Juma'a."

"Ran Juma'a kana ɗakinka na haya a Yelwa. Da bakinka ka gaya wa 'yan sanda jiya cewa sai da aka yi maka waya ka zo."

"Na manta ne. Na zo da rana na koma."

"Da me ka juye?"

"Da... da tiyo."

"Usama." Muryar daga bayan labulen da ya raba zaure da tsakar gida ta fito. "Bari. Da mazurari ne, yana nan bayan randa. Malam ɗan sanda, shigo."

Hajiya Zubaida, matar mamacin, tana zaune a kan tabarma a bakin ɗakinta, cikin tsohon zane da mayafi mara ado, da carbi a hannu. Matan da ke kewaye da ita suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Kofur Habibatu ta zauna kusa da ita. Sufeto ya tsuguna daga nesa, ya cire hula.

"Hajiya, Allah ya jiƙan Alhaji."

"Amin. Yaron nan Ebuka, an ce an fasa masa kai."

"An fasa."

"Tun jiya nake so in yi magana, harshena ya ƙi." Ta ajiye carbin. "Alhaji yana da hawan jini. Ya taɓa faɗuwa a banɗaki, ya sake faɗuwa a masallaci. Likita ya ce kada ya ƙara tuƙi shi kaɗai, balle ruwa. Na roƙe shi. Na kai ƙara wurin yayansa. Na ɓoye makullin mota, ya hau Keke Napep da tankinsa. Ya ce ni ban san daɗin iska ba. Duk Asabar ina zaune a nan, in aka buga ƙofa sai in ce mugun labari aka kawo."

"Sai kika juye man."

"Na ji Ebuka yana cewa injin zai mutu. Na ce to, ya mutu ɗin. Na zaci zai ja igiya a bakin ruwa ya ƙi tashi, ya yi faɗansa, ya dawo gida ya ci tuwo. In injin ya lalace gaba ɗaya ma na huta. Ban san zai kai shi tsakiya ba. Ni ko dam ɗin ban taɓa gani ba."

Usama ya durƙushe a bakin ƙofa yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ita ba ta yi kuka ba.

Sufeto ya fita zaure ya kira DPO. Ya yi bayani. Ya ce dattijuwa ce, ya ce ba ta nufi kisa ba, ya ce a bari ya ɗauki bayaninta a gida.

"Rai ya salwanta, Mansir," in ji DPO. "Ba zan saki wancan ba sai na ga wannan a gabana. Ka kawo ta."

Ya koma ya gaya mata. Ta ɗago ta dube shi a karo na farko.

"Ɗana, takaba nake yi. Ko ƙofar zaure bai kamata in taka ba. Ta yaya zan fita daga ɗakin mijina?"

Sufeto Mansir ya murza hularsa a hannu.

"In ban je ba, yaron zai kwana a can?" ta tambaya.

"Kotu za a kai shi, Hajiya."

Ta dafa kafaɗar Habibatu ta miƙe. "Allah ya gani. A miƙo mini takalmina."

Ta ƙofar baya aka fitar da ita, ba ankwa, Habibatu na riƙe da hannunta. Maza a ƙofar gida suna ta karɓar gaisuwa, ba su san an wuce da ita ba.

Da suka isa ofis, Sufeto ya sa hannu a takarda aka buɗe wa Ebuka. Bakaniken ya fito da ɗaurin bandeji a kai, yana gyara wando, sai ya yi kiciɓis da ita a bakin kanta. Nan take ya zube ƙasa.

"Mama! Kin fito cikin wannan hali don ni? Na gaya musu ba za ki bari ba. Sannu da haƙuri, Mama. Allah ya saka miki."

Hajiya Zubaida ta miƙa hannu ta taɓa bandejin.

"Tashi ka tafi wurin iyalinka," ta ce. "Ka yafe mini."

"Me kika yi mini, Mama?"

Ya juya ya dubi Sufeto. Sufeto ya dubi ƙasa. Habibatu ta ja ta a hankali, suka shige ta ƙofar da Ebuka ya fito.