Ranar da Baba Badaru Ya Kashe Mukayyif

A kasuwar Bab Makka da ke Jidda Zaharadden ya fara ganin Mastura, tana cinikin atamfa tana fifita da kwali. Ya ba ta inuwar lemarsa, ita kuma, bayan ta gama jan aji, ta ba shi lambarta.

Matsalar ɗaya ce. Mahaifinta, Baba Badaru, tsofaffin mukayyif yake sayarwa a unguwar Nuzla, na'urorin sanyaya ɗakin nan masu shan wuta da ƙugi. Zaharadden kuwa ma'aikaci ne a ɗaya daga manyan kamfanonin da suka haɗa baki suna neman a yi dokar dole kan ɗumamar duniya, a daina amfani da irin waɗannan na'urori. Har hotonsa ya fito a tallar da kamfanonin suka yi, yana washe baki.

Mastura ta tura masa saƙo: "Habibi, Baba ya ga hotonka. Wai kai ne mai son rufe masa shago. Ya ce ka zo Juma'a. Ina tsoro."

"Kwantar da hankalinki, sanyin idona. Ban da ke, ba abin da ke narkar da ni."

Bawan Allah, cika baki ya yi.

Ana saukowa daga masallaci Baba Badaru ya zaunar da shi a falo, ya kashe mukayyif, ya rufe taga.

"Tunda kai mai tausayin duniya ne, bismillah. In ka nemi a kunna, halas, magana ta ƙare, ba aure."

Sai dai tsohon ya manta abu guda: a Jidda, muddin baƙo bai girgiza finjalinsa, wato ɗan kofin gahawa, ba, mai gida ba ya tashi, haka zai yi ta zuba masa gahawa. Zaharadden ya ƙi girgizawa.

A finjali na goma sha ɗaya, rigar Baba Badaru ta jiƙe sharkaf.

"Yaro, ba za ka girgiza ba?"

"Baba, in na girgiza, tafiya zan yi babu Mastura. Ba zan iya ba."

"Shagona fa?"

"Sababbi marasa shan wuta da yawa za mu zuba. Na san inda ake samowa."

Tsohon ya dube shi, ya dubi butar gahawa, ya ƙwalla kira.

"Mastura! Yalla, kunna mukayyif ɗin nan! Ni na nema, ba shi ba. Na ba shi ke!"

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Baba Badaru ya dafa kansu ya ce, "Allah Ya yi muku albarka," ya goge ido, ya ce gumi ne. Ba wanda ya yarda.