Gurbin Zinsa a Babban Lilo

Rana ta yi sanyi muka isa filin wasanni na Lambun Kwakwa, mu uku a idon masu tsaron ƙofa, mu huɗu a wurina. Ni, da mijina Firmin, da 'yata Zinhwe mai shekara bakwai, sai abokiyar tagwaicinta Zinsa, wadda na soke a bakin zanena, daidai ƙirji.

Zinsa ba ta wuce tsawon tafin hannuna ba. Da itace aka sassaƙa ta, bayan zazzaɓi ya raba mu da ita tana shekara uku. A Kwatano ba a cewa ɗan tagwai ya mutu, sai dai a ce ya tafi daji neman itacen girki. Kafin ya dawo, uwa ce ke riƙe masa gurbi. Ni nake mata wanka, in ɗinka mata riga irin ta 'yar'uwarta, in zuba mata wake da manja a ɗan kwanonta. Abin da aka ba wannan, dole a ba waccan. Firmin ya san haka sarai, don shi ya je wurin masassaƙin da ƙafarsa. Amma tun da aka ƙara masa girma a ofishinsu na bakin tashar jiragen ruwa, ya fara jin kansa Bature, har wake ya daina ci a gaban mutane.

Tun daga gida muka fara. Ya ce in bar abin nan a ɗaki, abokan aikinsa za su zo da matansu. Na ce abin nan yana da suna, kuma shi ya raɗa mata. Ya yi tsaki ya wuce mota.

Ranar ce lambun ke cika shekara arba'in da buɗewa, garin kaf ya juye a ciki. An shafa sabon fenti a kan tsohuwar tsatsa, an rataya balan-balan har a jikin bishiyoyin kwakwa. Ƙamshin soyayyar ayaba da gugguru ya haɗu da warin man inji da iskar teku. Lasifika na ta ɓaɓatu, makaɗa na nasu, yara na ihu a kan dawakan ƙarfe. Zinhwe ta riƙe hannuna tana tsalle. Wannan murnar tata ce kaɗai ta hana ni juyawa gida.

A bakin hanya wata yarinya ke raba wa yara hular sarauta ta takarda mai ruwan zinariya. Ta ɗora wa Zinhwe ɗaya. Na ce saura ɗaya. Ta dubi ƙirjina, ta gane, har ta miƙo ta biyu da hannu biyu. Firmin ya ture hannunta ya ce ɗaya ta isa. A bayansa abokan aikinsa ne da matansu, kowacce da gashin kanti har gadon baya. Ɗaya ta rufe baki da waya tana dariya. Na ja hannun Zinhwe muka wuce.

Zinhwe ba ta son komai sai babban lilon nan mai juyawa kamar tayar keke, wanda ke ɗaga mutane cikin 'yan kejina har sama da bishiyoyi. Muka bi layi. Kafin a zo kanmu rana ta kusa taɓa ruwa.

Mai kula da lilon wani mutum ne mai jajayen idanu, da gani tun safe yake tsaye. A gefensa akwai kwando cike da wayoyi da jakunkuna da silifa. Ya ce yau manya na kallo, ba a hawa da duk abin da zai iya faɗowa. Ya nuna ƙirjina da haɓa.

Na ce masa wannan ba kaya ba ce, 'yata ce. Ya ce ya sani, amma doka doka ce, in ba zan hau ba in ba mutane wuri. Layi ya ɗauki hayaniya. Wani ya ce in je in yi tsafina a gida. Wata tsohuwa ta ce a ƙyale uwar biyu, amma muryarta ta nutse a cikin zagi. Ni ma ban yi shiru ba, na mayar wa kowa daidai da shi.

Ban ankara ba na ji hannu a ƙirjina. Firmin ya fizge Zinsa, ya wurga ta cikin kwandon. Na ji ƙarar kanta a jikin wata waya.

"Kin ishe ni, Sename," ya ce, da ƙarfi yadda abokansa za su ji. "'Yata ɗaya ce. Ɗayar ta mutu, mun binne ta. Wannan itace ne."

Wanda ya zage ni ɗazu ya ja da baya. Mai lilon ma ya matsa daga kwandon yana goge hannu a wando.

Na sunkuya zan ɗauko ta, sai na ga Zinhwe ta saki zanena. Ba ta yi kuka ba. Ta taka a hankali ta shige kejin ita kaɗai, lilon kuwa ya riga ya fara motsi. Ɗaya a kwando, ɗaya na shirin tashi sama. Na bi mai numfashi. Firmin ya bugo ƙofar a bayana daga waje, ya ce mu hau mu sauko a tafi gida.

Muka fara tashi. Benci biyu ne a kejin, suna fuskantar juna. Muka zauna a ɗaya, ɗayan ba kowa. Ƙirjina wayam, iska na shiga inda Zinsa ke zama. Na yi wa Zinhwe magana, na nuna mata jiragen ruwa da fitilun gari. Ba ta kalla ba. Idonta na kan bencin da ke gabanmu.

Muna kaiwa ƙololuwa lasifika ta sanar cewa za a kashe fitilu duka don wasan wuta na bikin. Jama'a suka yi tafi. Fitilu suka ɗauke. Lilon ya yi ƙugi, ya tsaya.

Da farko ina jin ganguna daga ƙasa. Sai suka yi nisa, kamar an toshe mini kunne da auduga. Iskar teku ta tsaya cak.

Wani wari ya shigo. Ɗanyen itace, da jiƙaƙƙen ganye, da ƙasar da rana ba ta taɓawa.

Ƙas. Kamar an karya ƙirare.

Ƙas. Wannan ya fi kusa.

Aka sauke wani abu mai nauyi a ƙasan kejin, tim, kamar damin itace. Kejin ya karkata wajen bencin da ba kowa.

Na jawo Zinhwe jikina. Jikinta sanyi ƙalau.

"Mama," ta ce da raɗa, "ta zo."

Na ce mata wa. Na san amsar, bakina ne kawai ya tambaya.

"Ta ce an jefa ta cikin takalma."

Hular takardar ta ɗaga daga kan Zinhwe. Babu iska. Ta tsaya a gaban fuskata, na ji tana yagewa sannu a hankali, daga sama har ƙasa. Rabi ya faɗo a cinyar Zinhwe. Ɗaya rabin ban ga inda ya yi ba.

Sakatar ƙofa ta yi ƙara. Ta zame da kanta. Ƙofar ta buɗe, ƙasa can nesa, baƙi ƙirin.

Hannun Zinhwe ya miƙe gaba, kamar an kama shi. Aka ja.

Na rungume ƙugunta. Aka sake ja, har muka zame daga benci. Gwiwata ta bugi ƙarfe. Na saƙala ƙafata a ƙafar benci. Wannan ba ƙarfin yaro ba ne.

"Ta ce Papa ya ce ɗaya gare shi," Zinhwe ta ce, muryarta a kwance kamar mai barci. "Ta ce bari ya ga yadda babu take."

Ƙafafun Zinhwe sun riga sun fita. Takalminta ɗaya ya suɓuce. Ban ji faɗuwarsa ba.

Tsoro ya kai mini inda ba ya wucewa, sai ya juye ya zama fushi. Na buɗe baki na yi mata faɗa irin wanda uwa ke yi.

"Zinsa, ni za ki yi wa haka? Wa ke miki wanka? Wa ke dafa miki wake? Shi ya faɗa, ni za ki ƙwace wa?"

Jan ya tsaya. Bai saki ba.

Numfashi nake ji a gefen kunnena, gajere, mai zafin rai. Na san wannan numfashin. Haka take yi tun tana goye, in an ba 'yar'uwarta nono kafin ita.

Na ja da baya da gindi, ina jan Zinhwe, har na jingina da benci. Na ɗora ta a cinyata ta dama. Na daki ta hagu da tafin hannu.

"Zo ki zauna," na ce. "Ga wurinki. Ba wanda ya hau shi."

Na jira.

Sai nauyi ya sauka a cinyata.

Sanyi ya ratsa ni har ƙashi. Jiki ne jiƙe, mai kaushi kamar ɓawon itace. 'Yan yatsu suka hau wuyana. Suka matsa. Suka ƙara matsawa. Numfashina ya tsaya, idona ya fara ganin taurari. Ban ture ta ba. Na zagaya hannuna na hagu na rungume abin da ban iya gani, kamar yadda na rungume Zinhwe da na dama.

Wasan wuta ya fashe a sama, ja wur.

A hasken na ga ƙafafu biyu suna reto a gefen cinyata. Duk faso, duk taɓo, ƙaya a tsakanin yatsu. Ba na 'yar shekara uku ba ne. Tsawonsu ɗaya da na Zinhwe.

Ban ɗaga ido sama da nan ba.

Yatsun suka sassauta. Wani kai ya kwanta a ƙirjina, daidai bakin zane.

Fitilu suka dawo. Lilon ya yi ƙugi ya fara sauka, ƙofa a buɗe tana bugawa. Nauyin bai tashi ba sai da kejin ya daidaita da ƙasa.

Mai lilon ya leƙo, ya ga ganyaye da ƙirare a ƙasan kejin, ya kalli wuyana. Mutane sun yi da'ira nesa da kwandon. Tsohuwar nan ce kaɗai ta matso. Ta ɗauko Zinsa, ta goge ta da gefen mayafinta, ta miƙo mini a durƙushe. Rabin hular takarda na naɗe a kan Zinsa.

Firmin ya taho yana faɗa, wai wane sakarci ne ya sa na buɗe ƙofa a sama. Ya miƙa hannu zai ɗauki Zinhwe. Ta kauce ta koma bayana, ta ce in gaya wa mutumin nan ya daina taɓa ta.

Ƙafata ta hagu ba ta sake zama daidai ba, har yau da ɗingishi nake zuwa kasuwa. Shatin yatsun ya daɗe a wuyana kafin ya baje. Zinhwe kuwa lafiyarta lau. Tana zuwa makaranta, tana wasa, tana gaida kowa. Firmin ma tana gaishe shi da ladabi, amma Kawu take ce masa, kamar yadda take ce wa kowane namiji a titi.

Ba abin da bai yi ba. Ya je wurin dattawan garinsu, ya yanka abin da aka ce ya yanka. Yanzu komai biyu yake sayowa. Kullum da safe, da rigar ofis a jikinsa, yana tsugunawa ya zuba wake da manja a ɗan kwanon. Ya roƙe ni in sa baki. Na ce a gaban jama'a ya faɗa da bakinsa, ya nemi hanya da bakinsa. Wani lokacin yana ba ni tausayi, ba zan ɓoye ba, amma ba kullum ba.

Jiya na ji shi a tsakar gida, ya durƙusa gaban Zinhwe tana cin abinci, Zinsa a jingine a gefenta. Murya ƙasa-ƙasa ya tambaye ta 'ya'yansa nawa.

Ta tauna lomarta ta haɗiye, sannan ta dube shi.

"Ban sani ba, Kawu," ta ce. "Mu dai biyu ne."