Ƙullin da Balkissa Ta Duba

Su uku ne a unguwar Utaika ta birnin Riyad, kowa da abin da ya rasa. Balkissa tela ce 'yar Maraɗi, tun da mijinta ya faɗo daga bene a wurin gini ta rasa kwanciyar hankali. 'Yarta Nazira, wadda Larabci ya fi Hausa zama a bakinta, ta rasa uba. Almustafa kuwa, ɗan Damagaram mai wanke gilasan dogayen benayen Riyad yana rataye da igiya, amincewar Balkissa ta aure shi kawai ya rasa.

"Ni ko dutsen, Almustafa! Zaɓi ɗaya!" in ji Balkissa.

Kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, mai son hawan duwatsu ne zai tafi da shi tsaunukan Alps a tsakiyar hunturu, su bi doron wani dutse mai ƙanƙara, su biyu a igiya ɗaya. Hansai maƙwabciya, mai yi wa ƙanwarta sha'awarsa, ita ta kawo wa Balkissa bidiyon wurin har ɗaki: hanya siririya kamar kaifin wuƙa, rami dama, rami hagu.

"Sanyin idona, ki saurare ni..."

"Mun kai ɗaya maƙabarta," in ji Salissou, wan Balkissa. "Ba zan ba wani tsuntsun ƙanwata ba."

Almustafa ya sunkuyar da kai. "Yaya, ku zo dutsen Tuwaik ran Juma'a ku ga yadda muke atisaye. In kun ce a'a bayan nan, halas, na haƙura."

Nazira ce ta yi ta naci har suka je.

Sanyin safiyar har cikin ƙashi. Almustafa ya sa ɗamarar hawa, ya zura igiya yana ƙulli mai siffar takwas. Ya sha nuna wa Nazira ƙullin nan a ƙofar gida, yana faɗa mata dokar masu hawa: ba mai ɗaga ƙafa sai wani ya duba ƙullinsa. Balkissa kan yi kamar keken ɗinkinta take kallo.

Yau kafilin na can yana warware igiya. Yatsun Almustafa sun ƙage, idonsa kuma na kan Balkissa. Ya ɗora ƙafa a dutse.

"Tsaya!"

Kowa ya juyo.

"Bakin igiyar bai koma ta zagayen ƙarshe ba! Ko yarinyar da nake koya wa ɗinki ba ta barin zare haka!"

Kafilin ya rugo ya duba, ya dafe kai. "Sahih, gaskiyarta! Masha Allah!"

"Laifinki ne, rabin raina," in ji Almustafa, kunya ta rufe shi. "Ke nake kallo."

"Ina nan fa!" Salissou ya yi gyaran murya. Can ya girgiza kai. "Wannan in aka bar shi ba mata, ba zai kai azumi ba."

Balkissa ta yi dariya, hawaye na zubo mata. "Shi marigayi... ba wanda ya duba masa." Ta share ido da mayafi. "Tafi dutsenka. Amma ba za ka ɗaga ƙafa ba sai na ga ƙullin."

Haka aka yi. Ranar hawan ya kira ta a bidiyo, gemunsa fari fat da ƙanƙara, doron dutsen a bayansa, iska na kaɗa muryarsa.

"Juya shi in gani... Ja da ƙarfi. To, bismillah, hau!"

"Ammu, ka kawo mini talj!" Nazira ta ƙwala, don ba ta san sunan ƙanƙara da Hausa ba.

Ya hau, ya sauko lafiya, hanci ya saluɓe, baki ya tsattsage. Da ya dawo aka ɗaura aure, Hansai ma ta zo ta ci shinkafa har da ƙari.

Washegarin komawarsa aiki, Nazira ta ga Innarta a bakin ƙofa tana jan ɗamarar aikinsa tana dubawa, sannan ta miƙa masa da murmushi. Nan ta gane cewa Inna ba ta daina jin tsoro ba, ta dai sama wa tsoron aikin yi.