Dutsen Kabarin Anders

Purdy mai kula da tashar jirgin ƙasa ya kama gefe guda na akwatin, Gunnar Ekdal ya kama ɗaya gefen, suka yunƙura tare kamar masu ɗaga buhun siminti. Sai akwatin ya taso sakayau. Da suka ɗaga murfin, babu komai ciki sai busasshiyar ciyawa.

Kafin Sherif Orrin Dulaney, babban ɗan sandan yankin, ya iso, rabin garin Wendling ya taru. Kowa ya san abin da ya ɓace. Da damina kogi ya tafi da Anders, ɗan Gunnar tilo, yana ƙoƙarin tsallakar da shanu, kuma ba a ga gawarsa ba. Bayan girbi uban ya buɗe kundin kaya na kamfanin Halstead, wanda kowane gida ke odar takalma da fitilu da keken ɗinki daga cikinsa, ya zaɓi farin dutsen kabari, ya aika da sunan da za a sassaƙa. Jiya jirgi ya sauke shi.

"Ba sai ka wahalar da kanka ba, Sherif," in ji Gunnar. "Hruska mai sassaƙa duwatsun kabari ne. Ka kama shi, in ba haka ba ni zan je masa."

Dulaney ya durƙusa gaban akwatin. An zare ƙusoshin murfin ba tare da an tsaga katako ba, sannan an mayar da su ramukansu da hannu. A ƙasan dandamali akwai sabuwar karta doguwa, ta tafi har bakin da kekunan doki ke jingina su sauke garewanin madara.

Ya fara da Purdy.

"Yaushe ka ga dutsen da idonka?"

"Jiya da yamma. Na leƙa in ga ko ya tsage a hanya, na sake buga ƙusoshin, na kulle shi a sito. Yau da safe na jawo shi waje."

"Ka bar wurin?"

"Jirgin madara na wucewa na shiga ofis buga waya. Ni da ciwon bayan nan nawa, Sherif, me zan yi da dutse mai sunan wani?"

"Wa ka gaya wa ya iso?"

"Matar Gunnar kaɗai, da ta kawo madara. Na ce ta sanar da maigida."

Dulaney ya juya wurin Gunnar. "Ita ta turo ka?"

"A'a. Kullum sai na zo na duba. Me ya kawo wannan tambaya?"

"Ba komai. Jira ni a nan."

Vaclav Hruska yana bayan shagonsa, ƙurar dutse ta rufe masa gashin baki. Tun da kundin nan ya fara sayar da duwatsun kabari aikinsa ya ja baya, kuma bai taɓa ɓoye haushinsa ba.

"An ce ka rantse a shagon aski za ka farfasa duk dutsen Halstead da ya shigo garin nan."

"Na faɗa, kuma zan sake faɗa! Mutum ya mutu a odo masa dutse kamar ana odar tukunya? Amma ni ban taɓa na yaron nan ba. Anders ya sha taimaka mini da lodi."

"Ina kake da safe?"

"A maƙabartar cocin Katolika, ni da fada, limamin cocin, muna gyara gicciye. Je ka tambaye shi, sai dai in shi ma ɓarawo ne."

Fada ya tabbatar. Dulaney ya hau dokinsa ya nufi gonar Ekdal, bai yi sauri ba. Hanyar ta bi ta gefen maƙabartar garin kafin ta gangara gonar.

Ya tarar da Maren Ekdal tana wanke garewani a bakin rijiya. Doguwar mace ce, hannuwanta sun saba da nauyi.

"Sannu da aiki, Maman Anders."

"Yauwa, Sherif. In Gunnar kake nema, yana gari."

"Ke nake nema." Ya cire hularsa. "Wanda ke jin haushin dutsen nan guduma zai sa masa a inda yake. Ɓarawo kuwa da akwatin zai tafi gaba ɗaya. Wannan ya buɗe a hankali, ya rufe a hankali, don kada a gane da wuri. Ba ɗaga dutsen ya yi ba, jan sa ya yi zuwa bakin madara, inda keken doki ke daidai da dandamali. Babu mai kallon keken madara sau biyu. Kuma mutum ɗaya aka gaya wa dutsen ya iso, ta dawo gida ba ta faɗa wa mijinta ba."

Maren ta ci gaba da cuɗa garwar har ta gama, ta kife ta. Sannan ta goge hannu ta wuce gaba. Ya bi ta zuwa ɗakin sanyaya madara. Dutsen yana jingine a kusurwa, an lulluɓe shi da bargo mai kyau, rubutun yana fuskantar bango.

"Ka ga gawarsa?" ta tambaya.

"Ban gani ba."

"Ba wanda ya gani. Gunnar ya ce yana son wurin da zai je ya tsaya. Na ji, ban ce masa komai ba. Amma ka biyo hanyar nan yanzu. In Anders ya sauka a tasha, ta nan zai bi. Kafin ya ga hayaƙin gidanmu, sai ya fara ganin sunansa a maƙabarta, ya san iyayensa sun daina jiransa."

Dulaney ya daɗe yana juya hularsa. Ya kasance cikin waɗanda suka bi kogin da sanduna suna neman gawar, ya san irin ruwan da aka yi. 

Ƙarar keken doki ta tsaya a waje. Gunnar ya kasa jira, ya biyo sawu. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya kalli bargon, ya kalli matarsa.

"Dutsen gidanku ne, yana gidanku," in ji Dulaney. "Ni ban ga sata ba. Amma an kira Hruska ɓarawo a gaban jama'a, a gaban jama'a za ka wanke shi."

"Zan je yau," in ji Gunnar, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Ya shiga, ya kai hannu zai yaye bargon, sai ya tsaya.

"Maren, har yaushe?"

"Ban sani ba."

Gunnar ya sauke hannunsa. Ya riƙo matarsa suka fito, ya jawo ƙofar ɗakin ya rufe.